Turmin Inna da Man Zurma

Motar ba ta kai ƙugun babban mutum tsayi ba. Shuɗiya ce, ba ta da rufi, kujerunta biyu, ƙafafunta da wayoyi sirara irin na keke, an ɗaure murfin injinta da ɗamarar fata. Ta wani saurayin Nasara ce mai saya wa kamfani gyaɗa a Matameye, a shekarun da nake zuwa lakwal, wato makarantar boko. Manyan motocin kamfani buhuna suke ɗauka. Ita wannan ba ta ɗaukar komai sai mai ita da hularsa. Da la'asar, in an rufe sikeli, sai ya hau ta ya miƙi hanyar Ɗan Barto inda ƙasa ta yi tauri, ya tafi a guje ya dawo a guje, bai sayo komai ba, bai gai da kowa ba. Tsofaffin gindin tsamiya sukan bi shi da ido su ce, ga mutum ba a kore shi ba, ba a aike shi ba.

Mai kula da motar Kawu ne, taubashin Inna mahaifiyata, ɗan ƙanwar mahaifinta. Tsohon soja ne. A can ya koyi aikin mota, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da akwatin ƙarfe cike da kayan kwance inji. Da yake Inna ƴar namiji ce shi kuwa ɗan mace, "bawana" take kiransa ko a gaban wa, shi kuma ya amsa da "uwar ɗakina" yana miƙa hannu cikin farantin ƙulinta.

Mahaifina ya rasu tun ina goye. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli Inna ta riƙe gidan. Rashin namiji a gidan ne ma ya kai ni lakwal, don da aka ce mai gari ya kawo yara, gidajen da ba mai yi masa gardama ya bi. Inna ta yi gardamar, ba ta ci ba. Mu ƴan mata ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba a cikin ajin, ni kuwa ko a cikinsu ba a jin muryata. In Mushe, malaminmu, ya kira ni, sai in ji harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Hanyata ta komawa gida ta bayan kantin Nasaran take bi. Can ƙarƙashin wata rumfar zana motar take kwana. Nakan zauna kan wani bido, garwar mai da aka kife, allona a cinya, in yi ta kallon Kawu. Ba ya kora ta, don ba na taɓa komai, ba na tambaya.

Ba ya ba motar ruwan rijiya. Ya ce ruwanmu da kanwa, yana toshe mata hanji, don haka ruwan sama yake tara mata a randa tun damina, ya rufe da faifai, ko shi ba ya sha. Isansin da take sha kuwa, wato fetur, sai ya tace shi ta cikin tsohuwar hular Nasara mai kauri, ya nuna mini yashin da ya rage a gindin hular. Yakan kwance buji, fulogin da ke ba inji wuta, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su kan tsumma yadda suke a jikin injin, ya duba bakin kowane. In ya yi launin soyayyiyar gyaɗa, lafiya. In ya yi baƙi, sai ya yi tsaki ya kankare shi da ƴar waya. Wayoyin ƙafafun kuma bi yake yana ƙwanƙwasa su da ƙarfe, ya kara kunnensa mai ji, wadda ta yi ƙara daban ya ɗaure ta. Abin da ya lalace ba a samunsa ko a Damagaram. Fatar da ke hana mai yoyo, wurin dukawa yake zuwa a yanka masa daga fatar akuya. Ƙusa in ta karye, maƙera.

Yana aikin yana yi mini huɗuba, kamar gobe zan sayi tawa.

"Ƴar lakwal, in kin yi motarki, kada ki bari kowa ya tashe ta ya taka nan take. Ki bar ta ta yi ɗumi tukuna. Ko ke in an tashe ki daga barci aka ce ki yi gudu, ai faɗuwa za ki yi."

Sai in sunkuyar da kai in yi murmushi.

"In za ki shiga yashi, ki rage mata iska a ƙafa. In ta yi tari, kada ki zage ta, ki duba abin da kika ba ta. Kina ji ko? Allah ya sa ba bebiya nake wa karatu ba."

Abin da ya fi ba shi wahala man inji ne. Da Nasaran ya dawo daga gudunsa, tun ƙarfen na ƙuna, Kawu zai kwanta a ƙarƙashi ya kwance wata ƙusa, man ya zubo cikin kwano. Ya ce in ya bari ya huce a ciki, daskarewa yake kamar ƙaro, ya liƙe komai. Sai ya tace shi da farin ƙyalle ya ajiye, washegari ya mayar. Man yana da wani irin wari, kamar ana suyar abin da ba na ci ba. A gwangwani yake zuwa daga ƙasarsu.

Sai yaƙi ya tashi a can ƙasar tasu, kaya suka daina zuwa. Sukari ya ɓace, yadi ya ɓace, gwangwanin ƙarshe ya ƙare. Kawu ya ɗora motar kan kututture don kada ƙafafunta su lotsa, ya lulluɓe ta da buhuna. Nasaran ya koma zama a bakin kanti da la'asar yana jifan kaji da ɓawon gyaɗa. An ce ya tambayi Kawu ko man gyaɗa zai yi, ga shi ko'ina. Kawu ya ce a'a, man gyaɗa in ya ji zafin inji tsinkewa yake ya zama ruwa. Ita wannan tun daga haihuwa da man zurma aka yaye ta, abin da ke cikin gwangwanin ke nan.

Zurma kuwa ga ta nan birjik a bakin kududdufi da jikin shingen garake, ba mai shuka ta, ba mai son ta. Ba a daɗe ba Mushe ya ce mu ajiye alluna, kowa ya zo da ƙwarya. Muka yi ta tsinko ƴaƴanta masu ƙaya, muna shanyawa a filin lakwal, suna fashewa da rana kamar ana harbi. Ƙwayar cikin santsi gare ta, da zane-zane, sak kaska da ta sha jini ta ƙoshi. Mushe ya ce duk wanda ya kai ta baki ya kuka da kansa. Ba ma sai ya faɗa ba. Ba yaron da uwarsa ba ta taɓa buge masa hannu a kan zurma ba.

Wata safiya Kawu ya shigo gidanmu yana fara'a. Inna na tsaye kan turmi tana juya tunkuza, ina zuba mata ruwan zafi kaɗan-kaɗan, mai ya fara tasowa.

Bari in faɗi yadda turmin yake. Na kirya ne, na kakata, ya kai ƙirjina a lokacin. Shekara da shekaru yana shan man gyaɗa har ya ƙoshi, cikinsa ya yi baƙi yana sheƙi. A cikinsa ake daka gyaɗar, a cikinsa ake juya ta har ta ba da mai. Ba a daka hatsi a ciki, ba a daka yaji, ba a ba da aronsa.

"Uwar ɗakina, na kawo miki arziki har gida," in ji Kawu.

"Bawa da arziki? Na wa ka sato?"

"Na gaya wa Nasara duk ƙasarmu ta Kance ba hannun da ya kai naki fitar da mai. Na ce sabon turmi shanye mai yake, ya zubar da ɓawon itace a ciki, amma naki ko ɗigo ba ya sha. Ke za ki matse masa zurmar."

Inna ba ta daina juyawa ba.

"Zurma."

"Zurma. Zai biya da kyau."

"A turmin nan."

"To a ina? A hulata?"

Sai ta tsaya, ta jingine taɓarya, ta goge hannu a zane.

"Kai dai tun kana yaro ƙwaƙwalwarka a ciki take. Ka manta awakin gidan liman da suka ci tunkuzar zurma? Kafin azahar an ja su waje matattu. Wace uwa ce za ta ji an daka zurma a gidan nan, ta zo ta sayi ƙuli ta miƙa wa ɗanta?"

"Sai a wanke mana."

"A wanke itacen. Kunnen mutane fa, da me za ka wanke?"

Kawu ya yi dariya, ya kai hannu faranti. Ta janye farantin. Ban taɓa ganin ta yi masa haka ba. Nan ya gane ba wasan taubasai ake ba.

"Na riga na ba shi baki," ya ce a hankali.

"Bakinka ka ba shi. Je ka karɓo abinka."

Bayan kwana kaɗan aka aiko Inna ta zo kanti. Ta ce in bi ta. Nasaran na zaune kan buhun gyaɗa, ya miƙe da ya gan ta, har ya cire hula. Hausarsa ta sikeli ce, ƙirga da zagi, don haka Kawu ne tafinta. Inna ta yi maganarta tiryan-tiryan, ba ta ɗaga murya ba. Kawu ya juya ya faɗi tasa da Faransancin soja. Sai Nasaran ya yi murmushi ya gyaɗa kai.

Inna ta dubi murmushin, ta dube ni.

"Ke, me ya gaya masa?"

Kawu na yi mini ido.

"Cewa ya yi... kin ce sai bayan kasuwa."

"To gaya masa da bakin nan da suka ɗura miki a lakwal. Ki ce ba yau ba, ba bayan kasuwa ba, ba bayan salla ba."

Takalman Nasaran na kalla. Jajaye ne, igiyar ɗaya ta tsinke an ƙulla. Na faɗa wa takalman abin da Inna ta ce, muryata kamar ta sauro. Ya sunkuyo ya ce in sake. Na sake.

Bai yi faɗa ba, mamaki ya yi. Ya ce mai ai mai ne. Ya ce zai sa a sassaƙa mata sabon turmi na zurma kaɗai, nata ya huta. Na juya mata. Inna ta ce in gaya masa mai saye ba ya tambayar wane turmi, wane gida yake tambaya. Ya ce zai saya mata duk ƙulin da ba a saya ba. Ta ce in tambaye shi shekara nawa zai yi a garin nan, don ita a nan za a binne ta. Wannan ban iya juyawa duka ba, kalmomin lakwal ɗina ba su kai ba, amma ya ga fuskarta. Ya mai da hularsa ya shiga ciki.

Ni da Inna muka kama hanya. Da muka kai ƙofar gida ta ɗora hannu a kaina, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Nasaran kanti ba shi da ikon kama kowa, amma tare suke cin abinci da kumandan, Nasaran gwamnati mai mulkin ƙasar, in ya zo rangadi. Ranar kasuwa da hantsi sai ga gardi biyu masu jar hula, ƴan sandan kumandan, da wasu mutum biyu da aka kamo saboda haraji. Suka ce zurma yanzu aikin gwamnati ce. In mai turmi ba za ta zo ba, turmi zai zo.

Inna ba ta riƙe turmin ba, ba ta yi kuka ba. Ta kwashe sauran tunkuzar da ke ciki, ta suɗe gefen da yatsa, ta ja da baya. Mutanen nan biyu suka ɗaure shi da igiya a jikin sanda suka saɓa. Sai ta yafa gyale ta bi su. Ni ma na bi ta, don ban san abin da zan yi ni kaɗai a gida ba.

Gardin sun so su bi ta bayan gari, amma turmin da nauyi, hanyar kasuwa ce kusa. Muna shiga tsakanin rumfuna Inna ta buɗe murya. Ban san tana da irin wannan muryar ba.

"Jama'a, ku shaida! Ga turmina an ɗauka! Zurma za a daka a ciki! Ku dube shi da kyau, ya fita gidana, ba zai koma ba!"

Masu hatsi suka daina awo. Wata Bafillatana ta sauke ƙwaryar nononta. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Rufe mana baki, tsohuwa," in ji gardi ɗaya.

"Turmi aka aiko ka ɗauka, ɗana. In an ce ka haɗa da bakina, nuna mini igiyar."

Aka yi dariya a rumfar mahauta, aka haɗiye ta da sauri. Gardin ya ɗaga bulala. Inna ta tsaya cak tana kallonsa, ta sake cewa, "Ku shaida!" Bai sauke mata ba, amma ya ce tunda tana son turminta haka, za ta zauna ta yi gadinsa.

Haka aka zaunar da ita a filin bayan kanti, a rana, ba inuwa, ba ruwa. Ni Kawu ya ja ni cikin rumfar mota. Daga nan nake leƙe ta tsakanin zana.

Mazan nan biyu manoma ne, ba su taɓa fitar da mai ba. Sun soya zurmar ta ƙone a gefe ɗaya, sun daka, sannan ɗaya ya ɗauki tukunyar ruwan zafi ya juye rabi a lokaci guda. Na ga yatsun Inna sun motsa a kan gwiwarta. Ta damƙe su da ɗaya hannun. Ɗaya mutumin yana juya taɓarya hagu, ya koma dama, ya koma hagu, abin da in na yi a gida sai na sha ranƙwashi. Inna ta ciji leɓe ta kalli katanga.

Kawu ya je ya tsuguna kusa da ita da moɗar ruwan saman da yake ɓoye wa mota.

"Uwar ɗakina, sha."

Ba ta karɓa ba.

"Kalma ɗaya ki gaya musu, a gama a sallame ki. Wallahi ba wanda zai ji."

"Ni zan ji."

Sai bayan la'asar aka sake ta. Ta tashi da ƙyar, ta kama kafaɗata, muka tafi gida a hankali. Ba ta waiwayi turmin ba.

Sun ɓata zurma da yawa kafin su gane hannu, amma sun samu man. Kawu ya dafa shi ya ƙone ruwan da ke ciki, ya tace, ya sake tacewa, ya bar shi ya kwanta. Motar ta tashi. Ba ta yi tari ba, ba ta lalace ba, duk da addu'ar da na yi. Muna zaune a tsakar gida muka ji kukanta ya miƙi hanyar Ɗan Barto. Inna na tsintar dutse a gero, ba ta ɗaga kai ba.

Gidan ya yi shiru ba daka. Masu zuwa da kwalba da safe suka koma wani gida. Maganar kuma da ta zaga ƙauyuka ta juye, kamar yadda magana take yi. Wata mata daga Icirnawa ta tare ni a rijiya ta ce, ashe a gidanku ake yi wa Nasara man guba? Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Ai na sani."

Ana nan sai ga Kawu da turmin a kan jaki. Ya yi masa irin wankin da yake wa kayan inji. Ya dirje shi da yashi, ya dafa toka ya zuba, ya kankare cikin da ƙarfe, har garwashi ya sa ya babbake. Cikin ya yi fari-fari, ba sheƙi. Ya sauke shi a ƙofar gida yana haki.

"Shinshina ki ji. Ko sabo bai kai shi tsabta ba. Na rantse zan ci ƙulin farko da aka yi a ciki, a gaban kowa."

"Kai ai ko guba ce in kyauta ce za ka ci."

"Haba uwar ɗakina. Turmin gwaggo ne fa, mahaifiyarki."

"Na fi ka sanin na wa ne. Kada ya tsallake dokin ƙofar nan."

A waje turmin ya kwana. Maƙwabciyarmu ta zo ta ce in ba a so a ba ta, ta daka fura. Inna ta ce da ta ba ta gara ta jefa shi rijiya. Na ga Inna da asuba ta fito ta tsaya kusa da shi, tafin hannunta a kan bakinsa inda taɓarya ta cinye. Da ta ji motsina sai ta ce in je in kira mata bawanta, ya zo da jaki da gatari.

Ranar kasuwa ce. Ta sa aka sauke turmin daidai inda take zama da kwalabenta, ta jira sai da kasuwa ta cika. Sannan ta miƙa wa Kawu gatarin.

"Fasa."

Ya dubi gatarin, ya dubi turmin, ya sa hannuwansa a baya.

"Ba da hannuna ba."

"Da bakinka ka fara, amma hannunka ya fi ƙarfin ya ƙarasa? Kawo."

Kirya ba ta fasuwa da sauƙi. Saran farko gatarin ya yi tsalle ya dawo. Ta sake. Gyalenta ya faɗi, na ɗauka na riƙe. Mutane suka kewaye mu, ba mai magana, sai ƙarar gatari da numfashinta. Ta daɗe tana sara kafin ɓangare ɗaya ya tsage, kuma da ya tsage sai ƙanshin man gyaɗa ya fito daga can cikin itacen inda wankin Kawu bai kai ba. Nan ne kaɗai ta dakata da sara. Kawu ya karɓi gatarin, ya ƙarasa, hawaye na bin gemunsa.

Inna ta juya ta fuskanci mutane.

"Wanda ya ga fitarsa ya ga ƙarshensa. Wanda bai gani ba, ku gaya masa."

Wani yaro ya kai hannu zai ɗauki guntu. Ta ce ba mai dafa tuwo da shi, a kwashe a kai wa maƙera su yi gawayi.

Akuyarta ɗaya ta bayar aka sassaƙo mata wani turmin daga ƙauyen Yauri. Ƙarami ne, fari, yana warin ɗanyen itace. Gaskiyar Kawu, shanye mai yake. Gyaɗar da da take cika kwalabe, yanzu da ƙyar ta ba da rabi, ƙulin kuma ya fito da tauri. Kawu ya daina shigowa gidanmu. In ya zo sai ya tsaya a zaure ya yi sallama, Inna ta amsa daga ciki, ba "bawana", ba komai. Haka suka yi har kaka ta wuce. Ni ma na canza hanya, na daina bi ta bayan kanti, ko da yake wani lokaci nakan tsaya daga nesa in ji ƙwanƙwasar wayoyin nan.

Ranar da ta fara komawa kasuwa ba mu da lakwal, na ɗaukar mata faranti. Muka zauna. Masu wucewa suna gaishe ta da girmamawa, suna yi mata sannu da ƙoƙari, suna wucewa. Mai tsiren da shekara da shekaru wurinta yake sayen ƙulin yaji ya bi ta ɗaya layin yana kallon sama. Bai sake dawowa ba har ya mutu. Rana ta take, ƙudaje suka samu wurin zama, ina kora su da faifai. Inna ta zauna a miƙe kamar an dasa ta, ba ta kira kowa ba.

Can wajen azahar wata mata mai goyo ta tsaya, tana jan wani yaron da hannu. Ban san ta ba, daga ƙauye take. Ta ɗauki ƙuli ɗaya ta juya shi, ta gatsa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ƙuli ne ko tsakuwa? Haƙorina za ki cire?"

"In haƙorinki na kunu ne, ga masu kunu can."

"Kuma duba ƙanƙantarsa. Da can naki ya fi haka."

"Da can gyaɗa ta fi haka."

Matar ta miƙa wa yaron sauran wanda ta gatsa, ya hau gurgura, ita kuma ta tsuguna ta fara zaɓe tana turawa gefe.

"Zuba mini ƙuli na miya da man kwalba ƙarama. Kuma ki yi mini gyara mai kyau, tun daga nesa na zo."

"Gyara? A wannan marra? Ɗaya zan ƙara miki."

"Uku."

"Ke, ji mata da ƙarfin hali! Uku, gonar ubanki ce?"

Muryar Inna ta kai har rumfar masu hatsi. Wasu mata biyu da ke wucewa suka rage tafiya don su ji yadda za a ƙare, ɗaya ta sauke ƙwaryarta. Inna ta zungure ni da gwiwar hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ke kuma kin zauna kina kallon mutane. Miƙo mazurari."